Sunan 'Yar Fari a Bakin Iyaka

Samarin da ke yini a rumfar tela daura da zaurena a Tudun Wada sun daɗe da yanke hukunci cewa babu mai cin banza kamata. Abin da suke gani shi ne mutum zaune a kan buzu da tabarau, a miƙo masa takarda ya juya ta, ya ce a je a dawo. Abin da ya fi ba su dariya kuwa shi ne ranar da nake shirya ayari, in sa a shigar da mata cikin gida, su kuma su kasa kunne ta bayan katanga suna jin ana tilasta wa matan aure faɗin sunayen 'ya'yansu na fari da ƙarfi. Rannan Isiyaku tela ya ɗago kai daga kekensa ya ce, "Malam Sambo, don girman Allah wannan a wane littafin Masar aka karanta shi? Ko dai neman magana ne irin na manya?" Na ce masa tun da an ce ya iya karatun boko, zan ba shi amsa a rubuce, ya karanta wa abokansa. Ga ta nan.

Sana'ata jagorancin mahajjata ce ta ƙasa, daga tashar jirgin Zariya zuwa Barno, a bi ta Fallomi da Abashe, a shiga Sudan, har bakin teku. Amma kai mutum ba shi ne wuyar aikin ba. Wuyar tana wajen fitar da wanda ya shiga ƙasar mutane da izinin wucewa, wato abin da 'yan boko ke kira biza, ya zauna har wa'adinsa ya ƙare, shekaru suka bi ta kai. Irin wannan mutum a idon hukuma ba baƙo ba ne, ba kuma ɗan ƙasa ba ne. Zama laifi ne a gare shi, tafiya ma sai da izini.

Ban zaɓi sana'ar ba. Ina saurayi mahaifina ya tashi da mu zuwa gabas lokacin da Nasara suka shigo, ya rasu a hanya, ni kuma na bi wasu ɗalibai har Masar, na yi shekaru a jami'a ina karatun nahawu da fiƙihu. Da na juyo gida sai na haɗu da Madugu Tanko, wani dattijo Bazazzagi da ya sha zirga-zirga a hanyar tun ba a san takarda ba. Zamani ya juya masa, kowace iyaka sai an nemi hatimi, shi kuwa ba ya son tsayawa gaban akawu. Ya ɗauke ni in riƙa yi masa tafinta da rubutu. Darasin farko da ya ba ni shi ne kada in taɓa amsa tambayar da ba a yi mini ba a ofis. Na biyu, in ci abinci kafin in shiga layi, domin mai yunwa saurin fushi gare shi, mai fushi kuma ba ya fita da hatimi. A wajensa na koyi sanin rijiyar da ke ƙafewa, da direban da ke sauke mutane a daji, da ranar da ba a zuwa wa akawu da buƙata.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Akwai gwangwani dogo mai murfi da nake naɗe takardun ayari a ciki, in liƙe bakinsa da kakin zuma saboda ruwa da gara. Akwai alƙalamin ƙarfe da tawadar kwalba, domin ofis ba ya karɓar rubutun zuge. Akwai ƙyallen tawada na dangwale, da kalandar Nasara wadda nake duba ta gefe da lissafin wata. Sai farar riga guda da ba na sa ta sai ranar shiga ofis. Madugu ya ce akawu yana karanta rigar mutum kafin ya karanta takardarsa, kuma ban taɓa samun dalilin musa masa ba.

Aikin farko da na yi ni kaɗai na wani mahauci ne ɗan Tudun Jukun da ya daɗe a Sudan. Na ce ya kawo fasfonsa, ya tura hannu cikin riga ya zaro laya. Ashe tun ranar da aka ba shi ya kai wa baduku ya ɗinke masa shi da jar fata, don ya ji an ce shi ne ke tsare mutum a hanya. Da muka farke ɗinkin, gumi ya cinye rabin rubutun. Na ce, "Sarkin Fawa, ka san wa'adinka ya ƙare tun bara waccan?" Ya ce, "Haba Malam, wa'adi ai na Allah ne. Ni da nake tsaye da ƙafata?" Yawancin mutanenmu haka suke. Ba taurin kai ba ne. Mutum ya fito da niyyar ɗakin Allah, guzuri ya ƙare, ya tsaya cirar auduga a gonakin Madani a Sudan ya tara na gaba, damina ta bi damina, ga aure ga haihuwa, shi kuwa a ransa har yanzu yana kan hanya.

Hanyar fitar da irinsu guda ce. Mutum ya kai kansa ofishin garin da yake zaune tun kafin a kama shi. In rubuta masa bayani da Larabci, gaskiya tsagwaronta: ciwo ne, ko mutuwa, ko rashin guzuri. Idan an karɓa, sai a buga masa hatimin fita mai gajeren wa'adi, a kuma buga wani baƙi a gefensa wanda ke nufin ba zai sake shigowa ba. Daga nan sai a yi ta sauri a kai iyaka kafin wa'adin ya cika. A iyaka ana duba kawuna da abin da takarda ta ce. Yaran da aka haifa a can babu su a fasfo, amma a duk shekarun da na yi da Madugu, uwa ta goyo ɗanta ko ta riƙo hannunsa, a wuce.

Sai shekarar da auduga ta lalace ta zo. Ciwo ya kama ganye, abin da ya tsira kuma ya rasa daraja. Masu gonaki suka sallami 'yan ƙodago, hukuma ta tuna cewa dubban baƙin nan takardunsu sun mutu, aka shiga tara mutane ana turo su yamma. A cikin wannan ruɗani aka kama wasu miyagu suna sajewa da ayari suna ƙetare iyaka da yaran da suka saya ko suka sata. Umarni ya fito cewa duk yaron da babu shi a takarda, sai an tabbatar da uwarsa. Ni ban ji labarin umarnin ba sai a bakin iyaka, domin a cikin gari ba a yi shelarsa ba.

A shekarar ce Malam Ladan, maƙeri a nan Tudun Wada, ya zo zaurena. Ƙanensa Garba ya tafi hajji da amaryarsa Delu, suka tsaya a Madani, zazzaɓi ya kashe Garba, ya bar ta da yarinya. Tsohuwarsu tana nan da rai, ta ce ba ta son ta mutu ba ta ga takwararta ba, domin sunanta aka sa wa yarinyar, Rakiya. Malam Ladan ya ce zai bi ni da kansa ya ɗauko iyalin ɗan'uwansa.

Mun sami Delu a wata bukka a unguwar takari, inda mutanenmu ke zaune, tana tuyar ƙosai a bakin hanya. Mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga ido ta dubi namiji. Yarinyar ba ta fara famfara ba. Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, saboda yini take a gidan wata maƙwabciya Balarabiya da ta raine ta. Babu zane a fuskarta, don ba a sami wanzamin gida ba ranar suna, alhali uwar tana da zanen Zazzau raɗau. Na lura cewa idan muna zaune Delu ba ta duban yarinyar, ba ta kiranta, idan ta matso sai ta ce, "Ke, tafi can." Ban ga wani abu a ciki ba. 'Yar fari ce, ga ta da sunan uwar miji, ga yayan miji a zaune. Duk macen da aka yi wa tarbiyya a ƙasarmu haka za ta yi, a kuma yabe ta.

Aikin cikin gari bai ba ni wahala ba. Na sa yarinyar a cikin bayanin da na rubuta, akawu ya karɓa ya jefa a kan tulin da ke gabansa, ya buga hatimi biyu a tsohon fasfon da ke ɗauke da miji da mata. Muka hau jirgi, muka sauka muka hau mota, mota ta lalace mana a rairayi, har muka isa iyaka ranar da wa'adin fitar ke cika.

Ofishin iyakar ɗaki ne guda na jar ƙasa a bakin wani kwari mai faɗi da ba ruwa. Ƙetaren kwarin ƙasar Faransi ce. Baturen da ke wurin ya iya Larabci sarai, a bayansa kuma akwai wani ɗan sanda, ɗan takari haihuwar can, mai jin Hausa. Saboda haka duk abin da aka faɗa a ɗakin, haka zai isa kunnen Bature, babu gyara.

Bature ya duba fasfon, ya nuna yarinyar ya ce, "Miji da mata. Mijin ya mutu, na ga shaida. Wannan fa?"

Na ce, "'Yarta ce, a Madani aka haife ta."

Ya ce, "Ba kai na tambaya ba. Tambaye ta."

Na juya na ce, "Delu, yana tambaya, yarinyar nan ta wace ce?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce a hankali, "Ta mutanen gidan ce."

Ɗan sanda ya mayar da maganar Larabci yadda take. Bature ya ajiye alƙalami. Ya ce a tambaye ta sunan yarinyar. Delu ta ce, "Ai Yaya ya sani."

Malam Ladan ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar ƙanena ce, sunan mahaifiyarmu gare ta. Mu a wajenmu uwa ba ta faɗa."

Bature ya ce, "Yaushe ka fara ganinta?"

"Watan jiya."

A nan na karya dokar Madugu, na yi magana ba a tambaye ni ba. Na bayyana masa kunyar ɗan fari da mafi kyawun Larabcin da na iya: cewa uwa a ƙasarmu ba ta ambaton sunansa, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane, kuma gwargwadon kau da kanta gwargwadon mutuncinta. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ba ya cewa ƙarya nake yi, amma kwanan baya wani ya tsaya daidai inda nake tsaye ya ba shi bayani mai kama da wannan game da wasu yara biyu, daga baya aka gano a kasuwa ya saye su. Ya dubi fuskar Delu, ya dubi ta yarinyar, ya nuna kumatunsa da yatsa. Sannan ya ce akwai shaidar da ba a koya wa yaro. Ya sa aka tsayar da yarinyar a tsakiyar ɗaki, mu duka muka ja jikin bango, ɗan sanda ya buga sanda a ƙasa da ƙarfi don ta tsorata, a ga wajen wanda za ta gudu.

Ta firgita. Ta dubi Delu. Delu na tsaye fuskarta a rufe, ga yayan miji a gefenta. Yarinyar ta yi taku ɗaya, ta tsaya, ta sunkuyar da kai. Sai ta juya ta tafi bakin ƙofa inda muka tuɓe takalma, ta tsuguna a can, inda aka koya mata ta zauna idan manya na ɗaki.

Na yi shekaru a ofisoshi, na ga an yaga takarda a gaban mai ita, na ga an ɗaure tsoho. Ban taɓa ganin abin da ya daskarar da ni kamar tsugunnin yarinyar nan ba. Tarbiyyar da aka yi mata ce ta ba da shaida a kan uwarta.

Na ce, "Delu, saurare ni da kyau. Nan ba Zariya ba ce. Idan ba ki buɗe baki yanzu ba, za su riƙe ta, ke kuma su sa ki a mota."

Ta ce, "Malam, a gaban Yaya?"

Malam Ladan ya daka tsawa. "Faɗi, Delu! Na yafe, Inna ma ta yafe! Ce Rakiya! Ce 'yarki ce!"

Na ga leɓunanta suna motsi a ƙarƙashin mayafin, amma babu sauti. Na roƙi Bature ya bari maza su fita ya tambaye ta ita kaɗai. Ya ce lokacin wannan ya wuce. Ya ga namiji yana yi wa mace tsawa ta karɓi yarinya, ya kuma ji an saka mata sunan a baki, don haka duk abin da ta faɗa yanzu biya ce take yi. Za a riƙe yarinyar a bincika. Matar kuwa wa'adinta yau ne, mai baƙin hatimi ba ya kwana a wannan gefen. Wata mata mai aiki a wurin ta zo ta kama hannun yarinyar ta ce za ta ba ta abinci. Yarinyar ta bi ta ba gardama.

Na danƙa wa Malam Ladan gwangwanin takardu da sauran ayarin, na ce ni zan tsaya, tun da izinina da saura. 'Yan sanda suka cusa mutane a mota. Delu ta hau kamar wadda ake ja a cikin barci. Ina tsaye a kan gaɓa motar ta gangara kwari, tana nishi a cikin rairayi. Ta kai tsakiya ke nan sai na ga mace ta miƙe tsaye a kan kaya, mayafi ya zame, ta buɗe baki.

"Rakiya! Rakiya! 'Yata ce! Ni na haife ta! Rakiya!"

Muryar ta cika kwarin. Malam Ladan ya gaya mini daga baya cewa duk motar salati ta ɗauka, maza suka sunkuyar da kai, sai da mutum uku suka riƙe ta don kada ta diro. Direba bai tsaya ba, domin idan mota ta tsaya a rairayin nan ba ta tashi. Ɗan sandan nan na kusa da ni. Ya ce da Hausa, "Ta faɗa." Na ce, "Shiga ka gaya masa." Ya shiga, ya daɗe, ya fito yana duban ƙasa. An ce magana ta riga ta shiga takarda, sai abin da babban ofishin lardi ya ce.

Washegari aka tafi da yarinyar tare da wasu yara. Na bi su. A garin lardi aka ce an kai su gidan da ake ajiye yaran da aka ƙwato. A gidan aka ce ana sauya musu suna idan sun shigo, ana kuma rarraba su ga masu riƙo a garuruwa. Na koma Madani na nemi bayanin da na rubuta, aka nuna mini ɗaki cike da takardu har rufi. Na ɗauko maƙwabciyar da ta raine ta don ta yi shaida, muka zaga, aka jera mana 'yan mata sa'anninta, babu ita. Izinina ya zo ƙarshe, na fito kafin ni ma in zama abin fitarwa. Tsohuwa ta rasu ba ta ga takwararta ba. Delu ta nemi komawa, na rubuta mata roƙo ba sau ɗaya ba, amma babban yatsanta na jikin baƙin hatimi.

Na sha tambayar kaina ko Baturen nan azzalumi ne, ban iya cewa e ba, domin yaran da ake sata gaskiya ne. Na tambayi kaina ko Delu ta yi kuskure, ban iya cewa e ba, domin abin da muka koya mata ta yi, mu da iyayenmu. Abin da na iya kawai shi ne in ƙara abu ɗaya a cikin aikin, wanda Madugu bai koya mini ba saboda a zamaninsa ba a buƙace shi ba. Ba na karɓar mace a ayarina, ko mai goyo ko amaryar da ba ta haihu ba tukuna, sai ta tsaya a gaban mijinta da danginsa ta faɗi sunan ɗanta na fari, ko sunan da za a sa masa, ta ce nata ne, yaron kuma in yana nan ya rugo ta rungume shi kowa na gani. Wasu mazan sun yi fushi sun janye matansu. Wani limami ya aiko mini cewa ina ɓata tarbiyya. Mai yiwuwa yana da gaskiya.

Amma Isiyaku, ba ni nake sa su ba. Ni namiji ne, ba za su yi a gabana ba da farko. Muryar da kuke ji ta bayan katanga tana cewa, "Faɗi. Ban ji ba. Ɗaga murya, Baturen kurma ne. Sake," muryar mai ƙosan bakin tasha ce, wadda kuke saye a wajenta kullum da safe. Ita ce Delu. Ba na biyanta, ba ta kuma taɓa fashi ba.

Ranar da ayari zai tashi, ka bar kekenka ka zo tasha ka gani. Idan an gama hawa, Delu takan ajiye matsamin ƙosai ta bi jirgin taga taga, fuskarta a buɗe, ko dattawa ne a ciki ko surukai. Yarinyar yanzu ta isa aure, in tana raye, amma ita yadda ta bar ta take kwatanta ta.

"Alhaji, idan Allah ya kai ku. Sunanta Rakiya. 'Yata ce, ta fari. Ba ta da zane, akwai ƙuna a hannunta na hagu. Idan kun kira ba ta zo ba, kada ku tafi. Ku duba bakin ƙofa."